Ƙofar Sidu Mara Siminti

Kakana mai sassaƙar dutse ne. A wurin aiki ana ce masa Mu'allim Tanko, mu jikoki kuwa Sidu muke ce masa, yadda 'ya'yan Makka ke kiran kakansu. Matarsa, wadda muke ce wa Iya, ita ma Mu'allim take kiransa, sai dai takan ja sunan har mai wucewa ma ya san ba girmamawa ba ce zalla.

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta malama kan manta ina cikin aji. A gida kuwa abin ya yi mini amfani, domin wanda ba ya magana ba a korarsa daga wurin hira. Na sha jin labarin sana'ar Sidu ina tsugune a gefe ina tsince shinkafa, kuma ba ni ake ba wa labarin ba. Yayana Faisal ake ba wa.

Yaya Faisal yana aiki a wata warsha, wato wurin aikin dutse, inda inji ke yanka marmara da ruwa. Shi dai ya sa zane a kwamfuta, ya danna, ya tafi shan shayi. Yakan ce wa Sidu abin da yake yi a wata guda, injinsa zai gama kafin shayin ya huce. Sidu kan tambaye shi ko injin ya san bambancin dutse mai lafiya da dutse mai ciwo a ciki. Yaya Faisal ya ce dutse ba ya ciwo. Daga nan sai labari ya tashi, Iya ta ce, "To, an taɓo rediyo," ta ja tukunyarta gefe.

Aikin farko da aka ba Sidu shara ne. Ya zo aikin hajji daga Bichi yana saurayi, ya ƙi komawa, ya faɗa hannun wani Ba'indiye gajere mai jan gemu, Mu'allim Razaƙ. Ya daɗe ba abin da yake taɓawa sai tsintsiya da bokiti. Da aka ƙara masa girma, sai aka ba shi wasa izmil, wato ƙarfen da ake sassaƙa da shi, amma ba a ba shi dutsen da zai sassaƙa ba. Bayan haka aka ba shi 'yar guduma, aka ce ya bi duwatsun da ke jingine a warsha yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Mai lafiya yana amsawa tangaran kamar tasa. Mai tsaga a ɓoye kuwa muryarsa irin ta fasasshiyar ƙwarya ce. In ya yi kuskure Mu'allim Razaƙ ba ya duka. Cewa yake ya ɗauki dutsen ya kai ƙarshen fili ya dawo da shi, wai ko nauyin zai buɗe masa kunne.

Kayan aikinsa suna naɗe a cikin wani tsohon tamfol, ɗaure da igiyar takalmi. Akwai izmil mai faɗin tafin hannu, akwai mai tsinin da bai fi tsinken sakace ba. Akwai zare da shuni na ja layi, da ma'aunin da ke da ɗigon ruwa a tsakiya, da gudumar itace wadda gefenta ɗaya ya lotsa. Ba ya bari a tsallake su. Abin da ya tsana shi ne saruk, injin hannu mai faifai da ke yanka dutse yana kururuwa. Ya yi aiki da shi shekaru don dole, kuma shi ya cinye masa rabin ji. Yanzu in an yi masa magana ta hagu sai ya juyo da dama, in kuma maganar ba ta yi masa daɗi ba sai ya bar hagun a inda take.

Wani aiki da ba ya mantawa shi ne na attajirin da ya ce a sassaƙa masa butar gahawa ta marmara a tsakar gida, ruwa yana zubowa ta bakinta. Sidu ya gaya masa bakin ya yi tsawo, ruwan zai wuce kwarmin da aka yi masa. Attajirin ya ce shi ya ga irinta a gidan surukinsa, kuma tasa dole ta fi tsawo. Aka yi yadda ya ce. Ranar walima butar ta cika takalman baƙi da ruwa tun daga na liman har na direba. Sidu ya ce masu ba da aiki a Makka iri biyu ne: mai son irin na maƙwabcinsa amma ya fi fari, da mai son a gama masa jiya. Kuma dukansu kafin mausim suke so, wato kafin alhazai su sauka, kamar alhazan marmara suka zo gani.

Ina aji biyu na firamare aka yi tafiyar Indiya. Wani mai otal ya ga hoton dutse ruwan zuma, ya ce da shi za a yi masa zauren karɓar baƙi. Dutsen a hamadar Indiya ake haƙo shi, kusa da wani gari da ake kira Jaisalmer. Kamfanin da su Sidu ke wa aiki ya ce Mu'allim Razaƙ ya je ya zaɓo da kansa. Shi kuwa idonsa ya yi rauni, sai ya ce a haɗa shi da Tanko: shi zai ba da kunne, Tanko ya ba da ido. Lokacin Sidu ya daɗe da samun iƙama, wato takardar zama, da fasfo. Iya ta ce mutane na sayar da gonakinsu don su zo Makka, shi kuma zai bar Makka ya tafi neman dutse, kamar dutse ne ya yi ƙaranci a garin nan.

Garin, in ji Sidu, yana kan tsauni a tsakiyar rairayi, kewaye da ganuwa, kuma komai nasa launin alkaki ne. Mutane na zaune a cikin ganuwar da shagunansu da shanyarsu. Lungunan sun fi na unguwarmu Jarwal matsi, ga shanu kwance a tsakiyar hanya, ba mai ce musu kauce. Da suka gama zaɓen dutse, Mu'allim Razaƙ ya ce gobe da hantsi zai kai shi makaranta. Sidu ya ɗauka masallaci ne, har ya sa farar riga. Sai da suka tsaya a bakin ƙofa ya leƙa ya ga abin da ke ciki, ya gane ɗakin bauta ne na mutanen da ake kira Jain. Ya ja da baya, ya ce shi mutumin da ke jin kiran sallar Harami daga kan katifarsa, me zai kai shi nan.

Mu'allim Razaƙ ya ce, "Ba ruku'u na kawo ka ka yi ba, ya Tanko. Ɗaga kai za ka yi."

A bakin ƙofar akwai wani tsoho siriri cikin fararen kaya, da kwando a gabansa. Mutanen nan ba sa kashe komai. Wasunsu kan rufe baki da ƙyalle, su share wuri kafin su zauna, don kada su danne ƙwaro. Saboda haka ba a shigar musu da fata, tunda fata rigar wata dabba ce da aka kashe. Sidu, wanda bai taɓa fashin ragon layya ba, ya ce ji ya yi kamar kura ta zo barka gidan akuya. Ya cire takalmi. Tsohon ya nuna walat, ya ba da. Ya nuna bel, ya kwance. Sannan tsohon ya tsaya yana kallon ƙugunsa, inda riga ta ɗan tasa.

Guru ne. Mahaifiyarsa ta ɗaura masa ranar da zai bar Bichi, layu ne a jere cikin jar fata. Ya ɓoye shi daga jami'an filin jirgi, ya ɓoye shi daga masu wa'azin Harami, ya ɓoye shi daga ɗaliban ilimin da ke zuwa gidanmu cin tuwo suna karanta hukuncin layu tsakanin loma da loma. Duk wannan ya tsallake. Sai ga tsohon da ko ƙwai ba ya ci ya raba shi da shi da yatsa ɗaya.

Abincin ganye na kwanakin nan ya riga ya rage masa tumbi. Da bel ya tafi, wando ya nemi bin sa. Haka Sidu ya ga aikin dutse mafi kyau a rayuwarsa da hannu ɗaya riƙe da wando.

In ya zo nan a labarin muryarsa kan sauka. Ya ce tun daga bakan ƙofar farko dutsen ya daina zama dutse, kamar an jiƙa shi an tufka shi irin na igiya. A jikin ginshiƙai babu inda za ka aza tafin hannu ka ce nan an bar shi fili. Akwai jerin giwaye, kowace ba ta fi dunƙulen hannu ba, kuma babu biyu da suka aje ƙafa iri ɗaya. Rufin kuwa zobe ne cikin zobe, yana tsukewa yana hawa, har a tsakiya wani fure ya rataya yana kallon ƙasa, kamar zai ɗigo. Akwai kuma mata masu rawa kewaye da rufin, amma ya ce shi ya runtse ido. Iya ta ce ya runtse ido har ya san wadda awarwaronta ya zame zuwa gwiwar hannu.

Ɗakunan suna shiga cikin juna ta matsattsun matakala, inda ya buga goshi ya kasa dafewa saboda hannun na kan aiki. A saman bene akwai warin jemagu, su ma ba mai korarsu. A cikin lungunan duhu kuma ga siffofin da mutanen ke girmamawa, farare, zaune da ƙafa a harɗe, fuskarsu ɗaya, idanunsu na ƙyalli. Ya ce ya wuce su bai gaishe su ba, su ma ba su riƙe shi a rai ba. Mutane na shigowa da 'yan kwanukan shinkafa, suna abin da ya kawo su a natse, ba wanda ya dubi Bahaushe mai riƙe da wando.

Amma ba giwayen ne suka bi shi gida ba. Mu'allim Razaƙ ya kama hannunsa da ba ya riƙe da wando ya aza farcensa a kan layin da duwatsu biyu suka haɗu, ya ce ya kankara. Babu siminti, babu farar ƙasa, babu gam. A ƙasar da ruwa ya fi mai tsada, ba su ɓata shi wajen kwaɓi ba. Sun yanka dutse mace da namiji, wannan ya shiga cikin wancan, na sama ya danne na ƙasa, kowa ya riƙe ɗan'uwansa. Da rana a wani tsohon gida cikin garin, wani ya nuna musu furen dutse a jikin bango. Ya murɗa shi, ya zaro shi kamar murfin kwalba, sai ga dutsen da ke gefensa ya sami hanyar zamewa. Ginin da za ka iya kwancewa kamar riga, ka ɗauka ka tafi.

Sidu ya fito daga ɗakin bautar kansa cike da duwatsu. Ya karɓi takalmi da walat da bel. Sai a cikin jirgin ƙasa, gari ya ɓace a baya, ya shafa ƙugu ya ji wayam. Mu'allim Razaƙ ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce kada ya damu, gurun ya sami aikin hutu, yana can yana tsaron mutanen da ko sauro ba ya jin tsoronsu.

Tun daga shekarar nan goron Sidu ya fara ɓacewa. Zai saya a wurin matan unguwa ya sa a aljihun riga, ya rataye rigar, ya dawo ya tarar da aljihu kawai. Ya zargi Yaya Faisal, ya zargi ɓeraye, a ƙarshe ya tsaya a kan aljanun Jarwal, waɗanda ya ce sun gano ba shi da tsaro yanzu. A shekarar ne kuma likita ya hana shi goro saboda hawan jini. Ya ce likitan Bamisire ne, me ya sani game da goro.

Gidan da muke haya a Jarwal tsoho ne. Mu muna ƙasa, benayen sama na alhazai ne in mausim ya zo. Tsakanin zaure da matakala akwai wata mashiga mara ƙyaure. Nan Sidu ya gina ƙofarsa, da guntayen dutsen da suka rage daga aikin otal. Mai gidan ya ce ya yi abin da ya ga dama muddin ba za a tambaye shi komai ba. Kowace Juma'a bayan an sauko, sai ya shimfiɗa tamfol a tsakar gida ya hau sassaƙa, yana bayani ko akwai mai ji ko babu, Iya na tuƙa tuwo a gefe tana korar ƙura daga miya. Ginshiƙi biyu ya yi da baka a sama. Bai sa giwa ba, bai sa 'yan rawa ba. A tsakiyar bakan ya sassaƙa dagi irin na gidajen Kano, a jikin ginshiƙan kuma ya jera furanni daga ƙasa har sama, duk kamarsu ɗaya. Ɗaya daga ciki shi ne makulli. Da gangan bai sa shi inda ido zai fara faɗawa ba, don kada 'ya'yan alhazai su murɗa.

"Ko cokali ɗaya na siminti babu a ciki," haka yake gaya wa duk wanda ya tsaya ɗaure takalmi a wurin.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne fenti. Kowace shekara kafin hajji ana zuwa duba gidajen saukar alhazai, mai gida kuma kan turo mai fenti ya shafe duk abin da ba ya motsi. Shekarar farko Sidu yana Arfa, inda aka kai su gyaran wuraren alwala. Ya dawo ya tarar da dutsen da ya ƙetare teku saboda launinsa ya koma kore shar. Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Shekara ta zagayo aka mayar da shi ruwan madara, daga baya shuɗi, sannan kore kuma. Furannin suka kumbura suka koma kamar ƙosai. Alhazai na shanya tawul ɗin harami a kan dagin. Wani alhaji daga gida ya taɓa shafa ginshiƙin ya shafa a fuska, ya tambayi Sidu ko na zamanin sahabbai ne. Sidu ya ce a'a, amma wanda ya yi shi yana nan da rai, in ana son tubarraki a kawo goro.

Muguwar shekara ta zo ina makarantar mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare. Ayyuka suka tsaya, kamfani ya sallami masu aikin hannu ya bar masu inji. Mu'allim Razaƙ ya koma ƙasarsu gaba ɗaya, ya bar wa Sidu gudumar itacen nan mai lotsattsen gefe. Sidu ya koma gyaran matakalar mutane da liƙa tayil a banɗaki, aikin da a da yake ce wa aikin masu gam. Sannan wata safiya muka tashi muka ga an fesa jan fenti a bangon gidanmu da na duk layin. Za a rushe, otal zai hau wurin.

Muka sami haya a unguwar Ka'akiyya. Aka yanke wuta, maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya. Sidu ya ce shi ba inda za shi sai da ƙofarsa. Duk abin da ya sassaƙa a garin nan na wasu ne, wasu an rushe, wasu an canza, wasu suna cikin otal ɗin da mai gadi ba zai bar shi ya shiga da silifas ba. Wannan kaɗai ce tasa. Kuma ai don irin wannan rana aka yi ta.

Ranar tashinmu katafila tana cin gidajen ƙarshen layi. Shugaban ma'aikatan, wani Basudane mai haƙuri, ya ce ya ba mu zuwa la'asar. Dabbab, ƙaramar motar kaya, tana jira a waje. Sidu ya kwance tamfol, ya zaɓi wuƙa, ya tara mu ya yi jawabi a kan yadda ginin masu hankali yake. Sannan ya nufi fure na uku daga sama a ginshiƙin dama, ya kankare fentin kewayensa, ya murɗa. Bai motsa ba.

Ya ce daman daga ciki ake lissafin dama. Ya zagaya, ya kankare wani. Shi ma shiru. Ya ɗauki 'yar guduma yana ƙwanƙwasa su ɗaya ɗaya, ya manna kunnen dama, amma da kaurin fenti da rurin katafila da abin da saruk ya bar masa na ji, duk muryarsu ɗaya. Aka kira azahar, muka yi, ya dawo ya ci gaba. Ƙura na shigowa ta zaure. Gumi na ɗiga daga gemunsa a kan ɓawon fenti kala-kala da ya taru a ƙasa.

Yaya Faisal ya fita ya dawo da saruk mai batir da ya aro. Ya ce, "Sidu, ka bar ni in yanka ta gida huɗu. In mun je can in liƙe da gam, wallahi ba wanda zai gane."

"Ni zan gane."

Ya kama wani furen da hannu biyu ya murɗa da ƙarfin da bai kamata ba. Sai muka ji ƙas. Rabin furen ya zo a hannunsa, cikinsa ruwan zuma tas. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kifa bokiti ya zauna, ya ce wa Yaya Faisal ya ba shi ɗan lokaci kaɗan, in bai tuna ba ya kunna abinsa.

Ni na san furen. Yana ginshiƙin hagu, ƙasa-ƙasa, daidai ƙugun mutum. Shi kaɗai ne fentin kewayensa ke da siririn zobe a tsage, kuma gefen ganyensa ya yi duhu irin na abin da hannu ya saba kamawa. Na san hannun ma. Na taɓa fitowa ɗaukar tsintsiya na ga Iya a wurin, ta dube ni, na dube ta, tun daga ranar kuma ƙanzon tukunya nawa ne ba gardama. Don haka ba furen na nuna ba. Iya kawai na kalla.

Tana ɗaure tukwane a zani. Ta kalle ni, ta kalli Sidu a kan bokiti da rabin fure a hannu. Ta ja tsaki, ta goge hannu, ta taso.

"Matsa, Mu'allim."

Ta kama furen da yatsu uku, ta murɗa hagu, ya fito sumul kamar an shafa masa mai. Ta zura yatsu biyu a ramin ta zaro ƙullin leda. Goro ne, wasu sun bushe sun zama tsakuwa, ɗaya kuwa fari sol, wanda ya ɓace daga aljihun Sidu a safiyar nan.

Sidu ya kalli ledar, ya kalli Iya. "Ashe ke ce aljanar."

"Ba don aljanar ba da tuni mun kai ka maƙabarta, mun huta da labarin Indiya."

Ya tambaye ta wa ya nuna mata. Ta ce wata nawa ya yi yana bayanin furen nan tana tuƙa tuwo, ko ya ɗauka tukunya yake wa magana. Ta soke ledar a ƙugu ta koma wurin kayanta. Yaya Faisal ya juya baya, kafaɗunsa na rawa saboda dariya.

Daga nan aikin ya tafi yadda aka yi alkawari shekara da shekaru. Sidu ya bi layukan haɗi da wuƙa yana tsaga fenti. Ya tura dutsen da furen ke tokare da shi, ya zame gefe. Na kusa da shi ya saki. Suka tallafe bakan shi da Yaya Faisal da direban dabbab, suka sauke dagin, sannan sauran suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Waje kore, ciki ruwan zuma, kowane da harshensa da raminsa, da sawun izmil a jere kamar kitso. Yaya Faisal ya ajiye saruk a kan taga ya manta da shi, sai da direban ya tuna masa. Ya riƙe wani dutse yana juya shi, ya zura yatsa a ramin da ya lanƙwasa ta ciki, ya tambayi Sidu yadda aka yi ƙarfe ya shiga nan.

Sidu ya ce, "Tambayi injinka." Amma bai kai ga ɗaure tamfol ba sai da ya zaro siririn izmil ɗin ya nuna masa yadda ake kwantar da shi.

Muka naɗe duwatsun da barguna da tawul ɗin da alhazai suka bari. Ana kiran la'asar dabbab ta fita daga layin, gindinta na kusan taɓa ƙasa. Ba mu tsaya kallon gidan ba.

A Ka'akiyya babu mashigar da ƙofar za ta shiga. Ƙofofin gidan duk na alminiyam ne, mai gidan kuma ya ce kada a taɓa masa bango. Sai aka hau da ita saman soro, Yaya Faisal na haki a matakala yana cewa yanzu ya yarda dutse na da ciwo, a bayansa yake. Ranakun hutunsa ya kankare fentin. Furen da ya karye kuwa Sidu ya ce Yaya Faisal ne zai biya, tunda ƙarar bakinsa ce ta sa hannu ya goce, kuma da izmil zai biya, ba da kwamfuta ba. Ya yi Juma'o'i yana fama. Abin da ya fito ya yi kama da kabejin da aka taka. Sidu ya juya shi a hannu, ya ce da Mu'allim Razaƙ ne da ya jefe shi da shi, sannan ya sa shi a mazauninsa, ta ɓangaren da ke kallon tanki.

Ƙofar tana nan tsaye, tokare tsakanin bangon matakala da ɗakin tankin ruwa. In ka shiga ta cikinta daga wurin shanya, za ka fito wurin tanki. Da yamma rana na bugunta ta koma launin alkaki, tantabaru na sauka a kan dagin, Sidu ya hana a kore su, wai ya koyo wannan ma a can.

Makullin da hannunsa ya mayar, yana kallon Iya, ya ce yanzu kowa ya san maɓoyar kowa. Washegari ya sayo goro, ya sa a aljihu, ya rataye riga, ya shiga wanka. Da ya fito aljihu wayam. Ya hau soro da tawul a wuya, ya murɗa furen, ya zura yatsa. Ba komai. Ya sauko ya tsaya a ƙofar kicin.

Iya ba ta ɗago daga tukunya ba. Ta ce, "Su ma aljanun ai an rushe musu gida, Mu'allim. Tare muka taso."